Zuwa ga Malamin da ya tambaye ni: da ɗalibi kuke ko da masu buga littafi?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan an shiga sabon zangon karatu lafiya. A taron malamai da ɗalibai Hausawa mazauna Amurka da muka yi kwanan baya, ka miƙe a gaban jama'a ka jefo mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure ban ba ta haƙƙinta ba. Ka ce ka kai wa laburaren jami'arku babi uku na wani littafi mai babi goma sha biyu domin a yi musu sikanin a ɗora wa ɗalibanka a shafin kwas, aka karɓi ɗaya aka dawo maka da biyu, wai doka ta hana a wuce kashi goma cikin ɗari. Sai ka ce, tunda dokar ƙasar nan da bakinta ta ambaci koyarwa, me ya kawo wannan dogon Turanci? Ku ma'aikatan laburare, da ɗalibi kuke ko da masu buga littafi? A bainar jama'a ka tambaya, shi ya sa na ga ya dace amsar ma kowa ya ji ta.

Da ɗalibi nake, Malam. Shekara da shekaru ina zaune a bayan kantar da muke ajiye littattafan kwas, waɗanda ake ba da aronsu na awa biyu kacal. Akwai wani littafin kemistiri a wurin da muka sha ɗaure gadon bayansa da salatif. Sabonsa ya haura dala 200, kwafi biyu gare mu, 'yan ajin kuwa sun fi ɗari. Daren jarrabawa za ka ga yarinya a tsaye da jaka a kafaɗa, tasowarta ke nan daga aikin kanti, idonta na kan agogo tana jiran wanda ya ara ya dawo da shi. Wanda yake ganin wannan kullum ba sai an tuna masa ɓangarensa ba.

Shi wannan littafin na takarda babu rigima a kansa. Sashe na 109 na dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ya ce wanda ya sayi kwafi na halal yana da ikon ya ba da aronsa ko ya sayar, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Rigimar tana farawa ne da zarar an ɗora shafi a kan na'urar sikanin, domin a nan an haifi sabon kwafi, kuma yin kwafi haƙƙin mai littafi ne sai inda doka ta yi sassauci.

To, a kan kashi goman nan, gaskiya tana wajenka. Wanda ya ce maka doka ce ya yi kuskure. Sashe na 107 na wannan doka ta 1976, wanda ya yi magana a kan amfani bisa adalci, babu lamba ko ɗaya a cikinsa. Ya ambaci koyarwa, har da yin kwafi da yawa domin aji, sannan ya ce a auna abu huɗu: manufar amfanin, irin aikin da aka ɗiba, yawan abin da aka ɗiba da nauyinsa a cikin aikin, da kuma illar da hakan zai yi wa kasuwar littafin. Lambobin da ke yawo sun samo asali ne daga wata yarjejeniya da wakilan marubuta da maɗaba'u da na makarantu suka ƙulla a 1976, inda aka ce kalma dubu ɗaya ko kashi goma, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Su kansu sun rubuta cewa wannan shi ne mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi. Tsoro ne ya sa wasu laburarori suka mai da shi iyakar da ba a tsallakewa.

Tsoron kuma yana da asali. A watan Afrilun 2008 maɗaba'un Cambridge da Oxford da kamfanin Sage suka maka shugabannin Jami'ar Jihar Jojiya a kotun tarayya da ke Atlanta, a kan irin abin da ka nema ɗin nan sak: babi-babi da malamai suka sa aka ɗora wa ɗalibai a bayan kalmar sirri. A 2012 mai shari'a Orinda Evans ta bi gutsure sama da 70 ɗaya bayan ɗaya, hukuncinta ya kai shafi 350, ta ce biyar ne kawai suka ƙetare haddi. A wannan hukuncin ne ta gindaya ma'auni: kashi goma ga littafin da bai kai babi goma ba, babi ɗaya ga wanda ya kai ko ya wuce. Ma'aikatan laburare suka yi caraf suka riƙe, don abu ne mai sauƙin aiki. Amma a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ma'aunin, ta ce kowane gutsure da nasa awon, ba a yi wa littattafai kuɗin goro. Shari'ar ta sake hawa ta sake sauka a 2018, ba a rufe ta ba sai 2020, inda goma daga cikin 48 da suka rage ne aka samu da laifi. Shekara goma sha biyu ke nan. Wanda ya dawo maka da babi biyu yana aiki ne da ƙa'idar da kotu ta jefar tun 2014, kuma wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin duk haƙƙin da aka daina amfani da shi saboda tsoro, a hankali sai a manta akwai shi.

Sai dai, Allah ya gafarta Malam, akwai inda ban bi ka ba. Ka yi magana kamar kalmar koyarwa ita kaɗai ta wanke komai. Da haka ne da ba a samu ko gutsure ɗaya da laifi a Jojiya ba. Abin da ya fi kayar da waɗancan shi ne an ɗibi da yawa, ko an ɗibi zuciyar littafin, alhali maɗaba'ar tana sayar da lasisin wannan gutsuren ta intanet kuma tana samun kuɗi da shi. Tun a 1991 kotu ta ci kamfanin Kinko's tara a kan haɗa wa ɗalibai kundin fotokofi yana sayarwa, duk da cewa a aji za a karanta. Littafin aikin da aka yi don ɗalibi ya cike giɓi da biro kuwa, ni ma ba zan yi masa sikanin ba, domin ba shi da wata kasuwa sai wannan ajin. Kai ma marubuci ne. Ka san littafin bincike ɗaruruwa kaɗan ake bugawa, kuma idan maɗaba'ar jami'a ba ta mayar da kuɗinta ba, ƙaramin malamin da ke bayanka ne zai rasa mai buga masa.

Da so samu ne, da hukuncin Indiya nake so. A can ma Oxford da Cambridge, tare da Taylor & Francis, sun kai ƙarar wani shagon fotokofi da ke harabar Jami'ar Delhi a 2012, babbar kotun Delhi ta ƙi ba su gaskiya a 2016, su kuma suka janye ƙarar a 2017. Amma dokarsu ta keɓe kwafin da ake yi a cikin koyarwa da kalmomi masu faɗi waɗanda ta Amurka ba ta da su, kuma a Amurka muke aiki.

Takardar nan da ka kira dogon Turanci, wadda take tambayar me ya sa wannan babin, shafi nawa, ɗalibi nawa, kariyarka ce. Sashe na 504 ya ce ma'aikacin makaranta ko laburare da ba na neman riba ba, idan ya yi kwafi yana da hujja mai ma'ana ta ganin cewa amfani ne bisa adalci, kotu za ta ɗauke masa tarar da doka ta yanka, wadda kan iya kaiwa dala 150,000 a kan aiki ɗaya idan an yi da gangan. Ina hujjar za ta fito in ba a rubuta ta ba? Kuma ni ba zan iya rubuta ta ba, don ban san abin da za ka koyar a mako na shida ba. Na sha zama da malami muka buɗe babi ukun da ya kawo, ya duba da kyau ya ce ai shafi goma sha biyar ne a na biyun yake so su karanta, na ukun kuma ƙari ne ga mai sha'awa. Wani kuma ya nuna mini cewa babi biyun nan muhawara ɗaya ce, in aka raba su darasin ya mutu, na ɗora masa duka biyun na rubuta dalili, na kulle su ga 'yan ajinsa kaɗai, na sauke su da zangon ya ƙare.

Don haka ka koma musu. Ka nemi ganin wanda ke kula da haƙƙin mallaka a laburaren, ka ce a nuna maka inda aka rubuta kashi goma a sashe na 107. Ka tambaya ko suna da littafin a rumbunsu na intanet da lasisin da mutum da yawa za su buɗe a lokaci guda, don in akwai, mahaɗi kawai za ka sa, babu zancen kwafi. Ka roƙi a sayi kwafin takarda na biyu a sa a kantar littattafan kwas. Ga kwasa-kwasan ajin farko kuma, ka leƙa littattafan OpenStax na Jami'ar Rice, kyauta ne kuma an yarda a kwafa.

In kuma ka ga dama, turo mini jadawalin kwas ɗin da sunan littafin da shafukan da kake so kafin Juma'a, mu zauna mu bi babi ukun nan tare. A gaida iyali da ɗalibai.

Wassalam,
Ƙaninka mai kula da kantar littattafan kwas