Yaya, Hannuna Ne Ya Yi Fankek Ɗin Nan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ki gaishe mini da Umma, ki ce mata ta kwantar da hankalinta, ina cin abinci. Sanyin Kanada ne dai ya sa mu a gaba, sauran kuwa sai godiya.

Hoton fankek da na turo ranar Asabar, wanda kika ce sayowa na yi, to wallahi hannuna ne. Tunda kin ce in rubuto yadda aka yi in da gaske nake, ga shi.

Abin da ya haɗa ni da madarar gari, takaici ne. Ni kaɗai ne a ɗaki. In na sayo madarar ruwa, in ɗan tsiyaya a shayi, in tafi aiki, kafin in waiwaye ta, ta yi tsami a firiji. Da na zubar sau uku sai na ce a'a, na koma ta gari. Ai ita ma madarar ce, ruwanta kawai aka ƙafar. Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon saniya ruwa ne, shi ya sa giram 130 na garin madara mai maiƙo yake ba ki kusan lita guda.

Ranar farko kam na sha kunya, sa'ar da na ci ba kya nan. Na zuba tafasasshen ruwa a kan garin madarar, nan take ya dunƙule ya yi guda-guda. Na juye a fulawa haka nan, na kama bugu kamar mun yi faɗa, wai sai kwaɓin ya yi sumul. Na ƙure wa kasko wuta don ina sauri. Waje ya yi baƙi ƙirin, ciki ɗanye, in kin ja sai ya miƙe kamar roba. Ga ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu da asuba, har maƙwabcina ya buga ƙofa yana tambayar ko gobara ce.

Yanzu ba na dama madarar sam. A bushe nake zuba ta cikin fulawa, kuma tun da na gane haka ban sake ganin guda ba, don fulawar tana raba tsakanin garin madarar, ba ya samun damar manne wa juna. Fulawa kofi 2, madarar gari rabin kofi, sukari babban cokali 2, bekin foda babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki gauraya su sosai tun suna bushe, nan ne wurin nuna ƙarfi. A wani kwano ki kaɗa ƙwai 2 da ruwa kofi ɗaya da rabi, ba mai zafi ba, da mai ko narkakken bota babban cokali 3. In madararki wadda aka cire wa maiƙo ce, irin wadda na fara saya, ki ɗan ƙara botan, in ba haka ba zai fito a bushe.

Sai ki juye mai ruwan a kan busasshen, ki juya kamar ba kya so. Da zarar kin daina ganin farin gari, ki ajiye cokali, ko da 'yan ƙulle-ƙulle sun rage. Yawan juyi ne ke tayar da danƙon alkama, shi ya mayar mini da na farko roba. In ya yi kauri ainun, a ƙara ruwa kaɗan. Ki bar shi ya huta minti 10.

Wuta matsakaiciya, mai kuma shafawa kawai. Ki zuba ludayi ɗaya, kada ki taɓa. Za ki ga 'yan ƙofofi suna fitowa a sama, suna fashewa ba sa rufewa, gefe ya ɗan bushe. A nan ake juyawa, sau ɗaya tak, kuma ba a dannawa. In kin cika madara, ki rage wuta, don sukarin da ke cikinta da furotin ɗinta su ke kawo jan nan mai ƙamshi, kuma ba sa jira. Na karanta cewa wani Bafaranshe mai suna Maillard ne ya bayyana yadda hakan ke faruwa a 1912. Ni dai a gindin kasko na gano nawa.

Na farko a kasko har yau ba ya yi mini kyau, a tsaye nake cinye shi kafin na biyu ya nuna.

Busasshen haɗin nan na ninka shi uku na cika kwalba mai murfi, na ajiye nesa da murhu, don danshi da zafi ke lalata bekin foda, su sa madara mai maiƙo ta yi maƙaƙi. Da safe sai in ɗebo kofi ɗaya, in fasa ƙwai, in zuba ruwa da mai.

Ki gwada wa yara, ki turo mini hoto. Na farkon nake son gani, kada ki ɓoye shi.

Ƙaninki