A buɗe mana filin shawarar littattafai, amma a sa masa ƙa'ida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Roƙonmu shi ne ka ware mana ko da rabin shafi ne duk mako, inda masu karatu za su riƙa gaya wa juna littafin da ke hannunsu da marubucin da ya kamata a nema. Sai dai kafin ka buɗe ƙofar, ga abin da muke tsoro. Yawancin abin da ake kira shawara yanzu kirari ne kawai: "Wallahi littafin nan ya haɗu, wanda bai karanta shi ba an bar shi a baya." To, an ji. Mutumin Kamba ko na Zuru a ina zai same shi? Wa ya rubuta? Kashi nawa ne? Shiru kake ji.

Shawarar littafi kwatance ce, irin wadda ake yi wa baƙo don ya isa gida ba tare da ya yi ta tambaya a hanya ba. Saboda haka duk wasiƙar da za ka buga, a ce ta zo da cikakken sunan littafin yadda yake a bango, da sunan marubucin, da kamfanin da ya buga, da shekara. Wannan ba ƙaƙale ba ne. Sunaye suna kama da juna, musamman na littattafan soyayya, kuma mai shago ba ya gane "wani littafi mai jan bango da wata Hajiya ta rubuta". Amma in ka ce masa So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, bugun NNPC, 1980, ko dai ya miƙo maka, ko ya ce babu, ka huta. NNPC ɗin nan kuwa ta Zariya ce mai buga littattafai, ba ta man fetur ba, don akwai matasan da ke rikita su.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne yawan kashi. Littattafan da suka cika kasuwa daga Kano tun wajen 1990 galibi a rarrabe suke fitowa: na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu. Ko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kashi uku ce. Wanda ya yaba littafi bai faɗi haka ba, ya jawo wa mutum asara, domin zai aika kuɗi Kano, direba ya kawo masa saƙo tasha, ya kwana yana karatu, labari ya tsaya daidai inda ya ɗau zafi, ashe na ɗaya kaɗai aka saya. Na biyun kuma wataƙila ya ƙare a kasuwa tun shekaru goma da suka wuce. Haka abin yake ga littattafan waya da ke yawo a WhatsApp da Wattpad. A faɗa mana: an kammala shi ko ana kan rubutawa? Kyauta ne har ƙarshe, ko shafukan farko ne na ɗanɗano sannan a nemi kuɗi? Neman kuɗin ba laifi ba ne, guminta ne marubuciyar ke nema. Laifin yana kan masu tura littafin mutane bayan sun goge sunan mai shi, kuma muna roƙon kada jaridarka ta tallata irin wannan.

Sai dalilin yabo, a jimla uku ko huɗu: Hausarsa ce ta yi daɗi, ko ƙullin labarin, ko abin da ya tona na zaman jama'a? A kuma faɗi wanda ya dace da shi, don littafin da matar aure za ta karanta ba lallai ne a miƙa wa 'yar aji biyu a sakandare ba. Kada a faɗi ƙarshen labari. Wanda ya yi haka, a jefa wasiƙarsa kwandon shara.

In littafi ya iso hannu, a duba shi kafin a biya ko kafin a sallami ɗan aike. A bi lambobin shafi. Ana buga littafi ne a manyan takardu da ake ninkewa, sau da yawa shafi 16 a ninki ɗaya, don haka in an yi kuskure wajen haɗawa za ka ga an tsallaka daga shafi na 32 zuwa na 49, ko an maimaita ninki guda sau biyu. Bugun satar fasaha kuma tawadarsa dishi-dishi take, da inuwa baƙa a gefen ɗinki saboda daga hoton wani kwafi aka ɗauko shi.

Da yake shagunan littattafan hira ba su da yawa a Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri, aro ne ke riƙe da karatu, kuma a wajen aron ne zumunci ke lalacewa. Tsarin da ke ɗorewa ƙarami ne. Mutum 10 zuwa 12 sun isa. In aka haura haka, mai rajista ba ya iya bin sawu. Kowa ya kawo littafi biyu. A samu littafin rubutu guda a ja masa layuka: lamba, sunan littafi, mai shi, wanda ya ɗauka, ranar ɗauka, ranar dawowa. Wa'adi mako biyu, a ƙara mako ɗaya in ba mai jira. Littafi mai kashi uku lamba ɗaya za a ba shi, a ɗaure shi wuri guda, ya fita tare ya dawo tare. Babbar doka ita ce ba a aron aro. Kusan duk littafin da ya ɓata, in ka bi diddigi, za ka tarar wanda ya ara ne ya ba ƙanwar matarsa, ita kuma ta tafi da shi makarantar kwana. Wanda ya ɓatar ya sayo irinsa, ba kuɗi zai bayar ba, don kuɗin shekaranjiya ba ya sayen littafin yau.

Gyara ma yana da hanyarsa. Ƙananan littattafan nan da ƙarfen sitafula ake maƙale su, da damina ta shigo sai ya yi tsatsa ya ci takarda, shafukan tsakiya su fara zubewa. A cire ƙarfen tun da wuri, a huda rami uku a kan ninkin, a sa allura da zare mai ƙwari: a shiga ta ramin tsakiya, a fito ta na sama, a tsallaka zuwa na ƙasa, a komo tsakiya a ƙulle. Minti biyar ya isa. Kada a liƙa da salatif, zafin watan Afrilu yana narkar da gam ɗinsa ya bar tabo. Kada kuma a yi amfani da koko ko ƙullun rogo, kiran kyankyasai da gara ne. Farin gam na kafintoci ya fi, a shafa kaɗan. Bango kuwa, tsohuwar kalanda ta wadatar.

Ajiya a akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, domin ta ƙasa da ta bango gara ke hawowa. A jefa kafur ko busasshen ganyen dogon yaro a ciki. In ruwa ya taɓa littafi, ba a shanya shi a rana, takardar ƙandarewa take yi. A tsayar da shi a buɗe a inuwa inda iska ke kaɗawa, in ya sha iska a danne shi da abu mai nauyi kwana biyu.

Wata alfarma kuma: kada filin ya zama na ƙagaggun labarai kaɗai. Ƙasar da Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna ya yi rubutu ba ta rasa masu son waƙa da tarihi da nazari ba. A ba su wuri, a kuma ba sababbin marubuta mata da gasar Hikayata ta BBC Hausa ke fitowa da su tun 2016.

Ga tamu shawarar ta buɗe fili. Fasaha Aƙiliya, tarin waƙoƙin Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, wanda ya rasu a 1999. Bugun NNPC Zariya ne, kashi ɗaya. Ya dace da ɗaliban babbar sakandare zuwa sama. Ba a karanta shi a zuci, a ɗaga murya a rera, kuma a zauna kusa da dattijo ko ƙamus, don a kusan kowane shafi sai ka ci karo da kalmar da ba ka taɓa ji ba.

Wassalam.

Daga wasu masu karatu da dillancin littattafai,
Birnin Kebbi.