Masu tafiyar yini ɗaya a mota, ku fara da lissafin dawowa

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da samarinmu har ma da magidanta masu sha'awar ɗaukar mota a je yawon buɗe ido a dawo a rana ɗaya, don na lura kowa lissafin zuwa yake yi, ba mai lissafin dawowa, alhali dawowar ce ke da wuya, lokacin direba ya gaji, rana ta faɗi, mai ya yi ƙasa, kowa a motar na gyangyaɗi.

Abin da ya taso da maganar ɗan yayana ne da ke karatu a Amurka, ya bugo mani waya wai Baffa hutun hunturu ya zo za mu yi hayar mota ni da abokaina daga Las Begas mu je Grand Canyon mu dawo a ranar. Wanda bai san wurin ba, wani makeken kwazazzabo ne a jihar Arizona da kogin Kolorado ya daɗe yana zaizayewa, tsawonshi kilomita 446, zurfinshi a wasu wurare ya haura mita 1,800, faɗin kuma wani wajen ya kai kilomita 29. Tun 1919 gwamnatinsu ta mayar da shi gandun ƙasa, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, miliyoyin mutane ke zuwa duk shekara. To ba wanda zai hana yaro ganin ikon Allah irin wannan, ni ma da hali da na je. Amma na ce mashi zauna mu yi lissafi tukun.

Daga Las Begas zuwa bakin kudu na kwazazzabon, inda mafi yawan mutane ke zuwa, kimanin kilomita 450 ne, wato ya fi nisan Katsina zuwa Kaduna, awa huɗu da rabi in ba a tsaya ko'ina ba. Zuwa da dawowa awa tara kenan a kan sitiyari, ba a sa shan mai ba, ba a sa cin abinci ba, ba a sa azahar da la'asar ba. Sannan da hunturu agogon Arizona na gaban na jihar Nebada, inda Las Begas take, da awa ɗaya, kana tsallaka iyaka awa guda ta tafi a banza, ga rana kuma tana faɗuwa tun biyar da 'yan mintuna, ga wurin tudu ne sosai sama da mita 2,000 don haka ƙanƙara na iya sauka a hanya. Shi kuma gogan naka a ranshi har ya tsara za su tsaya madatsar ruwa ta Hoover su yi hotuna, su leƙa gadar gilashin nan da ake kira Skywalk, sannan su wuce bakin kudu. Na ce kai ɗana, gadar gilashin nan da aka buɗe a 2007 ba ma cikin gandun gwamnati take ba, a ƙasar ƙabilar Hualapai take can yamma, hanyarta daban, awa biyu da ɗan wani abu daga Las Begas. Ko dai ku zaɓe ta ku je ku dawo da rana tsaka cikin natsuwa, ko ku zaɓi bakin kudu ku fita tun asuba ku manta da ita, in kuma da 'yan canji ku kwana a garin Williams da ke kusa ku huta. Haɗa duka uku a yini guda kam cikin mota kawai za ku gani, sai hoton minti goma da za a ɗora a Facebook. Bakin arewa ma ba a maganarshi, rufe hanyar suke da sanyi. Kuma na ja mashi kunne kar ƙarfin samartaka ya ɗebe su su ce za su sauka har kogi su hau a ranar, masu kula da wurin da kansu suna gargaɗi a kan haka, sauka ba wuya, hawan ne ke kayar da mutane.

Yanzu mu dawo gida, don ba Amurka na rubuto in yi ma talla ba. Mu namu da sauƙi wallahi. Daga Katsina zuwa Daura kilomita tamanin ne ko kusa da haka, mutum zai iya karyawa a gidanshi ya kai iyali su ga rijiyar Kusugu inda tarihi ya ce Bayajida ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, su ga ƙofar fadar Sarkin Daura, su ci abinci su dawo la'asar sakaliya. Ga Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani inda kaburburan sarakunan Katsina na farko suke, wurin da aka tona a 1907 aka sake tonawa a 1992 aka samu kayan tarihi har da na zinariya, amma ka tambayi yaran makarantar sakandare a cikin birni su nawa suka taɓa zuwa ka sha mamaki. Hasumiyar Gobarau ma da ke tsakiyar gari akwai 'yan Katsina haihuwa da girma da ba su taɓa taka ta ba, wannan kam ko mota ba ta buƙata, Keke Napep ya isa.

Duk da kusancin nan yadda muke yi shi ne abin haushi. Ranar yawon Sallah sai a ce ƙarfe tara za a tashi, sha biyu ta yi ana jiran wani ya dawo daga wajen tela, a cusa mutum takwas a motar mutum biyar, ba wanda ya duba safaya ko da iska, ba jak, ba a duba baƙin mai da ruwan lagireto ba, birki kuma sai Allah. A isa ana kiran la'asar, a yi ta zaga dangi ana gaisawa don ba ka shiga Daura ka fita ba ka gaida kowa ba, kafin a ankara magariba ta yi sannan a kamo hanya cikin duhu, ga masu babura ba fitila, ga amalanke, ga shanu na tsallaka titi, ga masu manyan motoci da ke haske maka ido. In ranar Lahadi ce da kasuwar Mai'adua ke ci ma abin ya fi haka, motocin dabbobi ko ta ina. Taya ta fashe a wannan lokaci mai faci ya tashi, sai ka ga magidanci tsaye bakin titi da mata da yara yana haska fitilar waya.

Ni abin da nake yi, kuma shi nake ba kowa shawara, in fara yanke lokacin da nake so in ga motata a ƙofar gida, ni kafin magariba ne ba ciniki, sai in ƙirgo baya: awa nawa dawowa, awa nawa zama a wurin, ina za a yi sallah, awa nawa zuwa, sai in ƙara awa ɗaya ta abin da ba a sani ba, shingen jami'an tsaro ko taya ko yaro ya ce cikinshi. Abin da ya rage shi ne lokacin tashi, in lissafi ya ce bakwai na safe to bakwai, wanda bai shirya ba a bar shi, sau ɗaya za ka yi ma mutum haka ya gyara. Mai kuma a cika tanki tun daren jiya a gidan mai da ka yarda da shi, kar a dogara da 'yan bumburutu a hanya. Takardun mota da lasin a aljihun gaba. Ruwan sha ya fi lemun kwalba amfani musamman da bazara. Kuma wuri ɗaya ko biyu ya isa, na ukun a bar shi sai wani jiƙon.

Batun tsaro kam kowa ya san halin da ake ciki, ba sai na tsawaita ba. Akwai madatsun ruwa masu kyau kaman na Jibiya da Zoɓe da a da ake zuwa shan iska, yanzu ni dai ba zan ce ma kowa ya ɗauki iyali ya nufi wani gefe ba sai ya tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, su ne suka san abin da ya faru jiya da shekaranjiya, ba taswirar waya ba.

Roƙona ga hukumomin da abin ya shafa ba babba ba ne, alluna a mararraba da Hausa da boko da ajami masu nuna hanya da nisan kilomita, makewayi mai tsabta, rumfa da wurin alwala, da lambar wayar da mutum zai kira ya ji ko wuri a buɗe yake kafin ya ƙona mai. Masu karatu na Mani da Daura kuma dan Allah ku rubuto ma Edita ku faɗa mana yadda hanyar shiga Durɓi take yanzu da kuma ko ƙaramar mota na iya shiga da damina, akwai masu son kai yara a hutun makaranta mai zuwa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina