Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kasuwa? Ka yi haƙuri da jina shiru tun Babbar Sallah, jinya ce ta riƙe ni.

Ka tuna ƙanen nan nawa mai bin 'yan bindigar sarki? Ranar Hawan Daushe ya ɗura wa bindigarsa albarushi fiye da ƙima, yana jan kunama bututun ya tarwatse a hannunsa na hagu. Manuniya ta tafi nan take, babban yatsa kuma yana reto.

Kawu ya ce a kira maɗori, na ce ai wannan ta wuce ɗori. A asibiti aka yi masa allurar tetanus, aka shiga da shi tiyata cikin dare. Da aka fito da shi sai na ga ba a ɗinke ciwon ba, bandeji kawai aka naɗa. Wallahi har na ɗaga murya, yanzu ma kunya nake ji. Likitan ya ja ni gefe, ya ce toka da ɓurɓushin ƙarfe sun nutse cikin tsoka. Sun yanke naman da ya mutu, amma wani sai ya kwana biyu yake yin baƙi. In aka rufe da wuri, ruɓewa zai yi ta ciki har a kai ga guntule hannun. Sau biyu suka sake komawa suna wankewa.

Daga nan aka tura mu asibitin ƙashi na Dala. Suka kafe ƙasusuwan da siraran ƙarafa kamar sifokin keke, suka dage a kan babban yatsa, don kusan kashi 40 cikin 100 na aikin hannu nasa ne. Abin da ya fi ba ni mamaki, fatar gefen mararsa suka ɗago suka lulluɓe ciwon, hannun na ɗinke a jikinsa har mako 3, sai da fatar ta kama aka raba su. Ni nake ɗaura masa zani, wando ya gagara.

Yanzu gashi ake yi. Jijiya wai milimita 1 take tohowa a rana, shi ya sa kan yatsan bai fara ji ba tukuna. Jiya dai ya riƙe kofin koko da kansa, ya zubar da rabi. Har ya fara tambayar hawan baɗi, Inna ta ce ya sake faɗa ya gani.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka daga Kano