Takardar Koke Daga Jama'ar Zongon Elmina Kan Abin Da Aka Yi Wa Yaranmu a Sansanin Bakin Teku

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Zongon Elmina, ƙasar Ghana,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da haƙurin zama da jama'a. Mu dattawan unguwa da malaman makaranta da iyaye mata muna gaisuwa, muna kuma neman afuwa da muka sake ɗaga maka hankali. Ba mu da ƙofar da za mu buga sai taka.

Ranar Asabar da ta wuce malamanmu biyu suka kai yaran makarantar Islamiyya sansanin nan na bakin teku, tsohon ginin Turawa inda aka riƙa tsare bayi. Wata guda iyaye suna tara kuɗin shiga, wasu daga cinikin koko da ƙosai. Yara sun isa tun hantsi da fararen kayansu, aka ce su tsaya a gefen gada. Suna tsaye cikin rana motocin baƙi suka zo ɗaya bayan ɗaya, ana shigar da su. Sai dab da azahar aka waiwaye su, aka zagaya da su a gurguje kamar ana korar awaki. Wata yarinya ta tambayi ɗan jagora ko akwai mutanen arewa cikin bayin da aka tsare a wurin. Ya yi dariya, ya ce wannan ba tarihinku ba ne, ku 'yan Zongo jiya kuka zo. Yarinyar ta dawo gida tana kuka, ta tambayi kakarta wai mu baƙi ne?

Ranka ya daɗe, jiran ranar mun yafe. Wannan maganar ce ta hana mu barci.

Mu ma mun san tarihin gidan nan. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 ƙarƙashin Diogo de Azambuja, bayan sun nemi wuri a hannun sarkin gari Kwamena Ansa. Zinariya suka zo nema, daga baya ciniki ya koma na mutane. A 1637 Turawan Holan suka hau da igwa kan tudun da ke fuskantar sansanin, suka ƙwace shi, suka mayar da cocin da ke tsakar gida wurin ciniki. Sun shekara 235 a ciki kafin su miƙa wa Ingila a 1872. Kowanne an ba shi haƙƙinsa a bakin ɗan jagora, har ɗakin barcin gwamna ana nunawa, da barandar da yake tsayawa ya zaɓi mace daga cikin waɗanda ke tsare a ƙasa.

To su waye a ƙasan? Ba Fanti, mutanen bakin tekun nan, kaɗai ba ne. Da yawa daga arewa aka koro su, ta Salaga, ta ƙasar Tonawa, har bakin ruwa, hanyar da fatakenmu na goro suka sani sarai. Haka sojojin da Holan ta ɗiba daga 1831 zuwa 1872, wajen mutum dubu uku, ta kai su yaƙi tsibirin Jawa na Indonesiya, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka saya a Kumasi. Waɗanda suka dawo sun zauna a tudun da har yau ake kira da sunan Jawa. Sannan da Ingila ta karɓi sansanin, da 'yan sandan Hausawa da aka kawo daga Legas ta tsare shi. Suna nan ranar 13 ga Yuni 1873 da aka yi wa tsohon garin Elmina ruwan igwa aka ƙone shi, shekarar da aka kori sarki Kobina Gyan zuwa Saliyo. Ba mu ce wannan abin alfahari ba ne, ranka ya daɗe. Akwai kunya a ciki, kuma mun yarda a faɗe ta. Amma wanda aka ɗaure a kurkukun gida, aka kuma sa shi gadin ƙofarsa, ba a ce masa jiya ya zo.

Ba yau muka fara magana ba. Mun tura wakilai, mun rubuta takarda, an ce za a duba, an sake cewa za a duba. Mun daina ƙirgawa. Tun 1979 wurin yake cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO, a 2019 an cika garin da baƙi daga Amurka, mu dai abin da ya iso mana shi ne ƙurar motoci.

Don haka muke roƙon Sarki, don girman Allah, ya kai kukanmu gaban Mai Martaba Omanhene na Edina, wato babban sarkin ƙasar Elmina, wanda kakanninsa suka ba kakanninmu masauki, ba mu kuwa manta ba. A kira masu kula da ginin, a sa wanda ya faɗi wannan magana ya zo gaban yaran ya janye ta. Ba korarsa muke nema ba, shi ma abin da aka koya masa yake faɗa. A gyara abin da ake koya musu, a saka labarin mutanen arewa da na Hausawan da suka yi aiki a wurin, a rubuta shi a allo kamar yadda aka yi wa ɗakin da aka tsare Sarkin Tonawa Prempeh a 1896. A ɗauki ko mutum biyu ne cikin samarinmu a koya musu aikin jagora, don baƙi na zuwa daga Kumasi da Tamale da Najeriya da Nijar, babu mai yi musu bayani da Hausa. A ware ɗan wurin alwala da salla. A sa wa yaran makarantun gari rana tasu, kada a sake shanya su. Kuma dai, ranka ya daɗe, maganar nan ta "jiya kuka zo", a janye ta.

Samarin unguwa sun so su taru a ƙofar sansanin ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Mu muka hana su, muka ce su jira mu ji daga bakin Sarki. Sun ba mu mako biyu.

Allah ya taimaki Sarki.

Naka masu biyayya,
Dattawa, malaman makaranta da iyaye mata na Zongon Elmina