Wasiƙa a kan filin yaƙin Farsalus

Zuwa ga abokina kuma ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na san na yi shiru tun bayan Sallah, kuma na san ka riga ka yanke mini hukunci kamar yadda ka saba tun muna aji ɗaya, amma ka dakata ka ji uzurina. Littafin da ka bar mini ranar da muka raka ka tasha, wato fassarar waƙar Lukan, mawaƙin Rumawa, kan yaƙin basasarsu tsakanin manyan jagororin yaƙi biyu, Kaisar da Pompi, shi ne ya riƙe ni, sai shekaranjiya na kai inda ya tsaya, a babi na 10, Kaisar yana cikin tsaka mai wuya a Iskandariya, domin mawaƙin bai rayu ya kammala ba.

Da ka miƙo mini shi, ce mini ka yi waƙar jarumta ce, kuma a nan muka saɓa. Ni abin da na gani shi ne mutumin da ya ɗauki salon da magabatansa suke yabon mazaje da shi, ya yi makoki da shi. Kaisar da Pompi surukai ne, domin Pompi ya auri Juliya 'yar Kaisar, saboda haka duk wanda ya faɗi a fagen fama na gida ne. Ka sake duba babi na 4, a Ilerda ta ƙasar Sifaniya, inda sansanonin biyu suka yi kusa har sojoji suka riƙa gane fuskokin 'yan'uwansu da iyayensu a ɗaya ɓangaren. Suka tsallake ganuwa, suka rungumi juna suna kuka, suka zauna a kan ciyawa suna cin abinci tare, kowa yana ba da labarin inda ya yi faɗa. Sai Petreyus, kwamandan ɓangaren Pompi, ya zo ya tunzura mutanensa, suka zare takubba a kan waɗanda suka gama cin abinci da su. A nan na rufe littafin, ban iya komawa ba sai bayan kwana biyu.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wayewar gari bayan yaƙin Farsalus, wanda aka gwabza a ƙasar Girka a watan Agusta na shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Lukan ya ƙi lissafa wanda ya kashe wane, kamar yadda aka saba a irin wannan waƙa, domin a ganinsa al'umma ce ta mutu a ranar. Maimakon haka sai ya nuna mana Kaisar ya sa an shirya masa kalaci a inda zai iya kallon fuskokin gawawwaki yana gane su, sannan ya hana a yi musu jana'iza. Kyarketai da karnuka suka zo, tsuntsaye suka cika sama har jini yana ɗiga daga gare su a kan waɗanda suka yi nasara. Daga nan mawaƙin ya juya ga ƙasar kanta, yana tambayar wace shuka za ta tsiro a wurin ba tare da launinta ya gurɓata ba. Wannan ya tuna mini da manomin da Firjil, wani mawaƙin Rumawa, ya hango a waƙarsa tun kafin Lukan, wanda garmarsa za ta tono masu masu tsatsa da kwalkwali fanko, ya tsaya yana mamakin girman ƙasusuwan da ya tono.

Ga damuwata, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Anya Lukan ya yi wa Kaisar adalci? Tarihi ya tabbatar da cewa ya yafe wa da yawa daga cikin abokan gabarsa bayan wannan yaƙi, har da Burutus wanda daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kashe shi. Sannan shi kansa mawaƙin, da aka kama shi cikin makircin kashe Niro, sarkin Rum, a shekara ta 65 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), masanin tarihi Tasitus ya rawaito cewa ya ambaci sunan mahaifiyarsa cikin masu hannu, kafin a tilasta masa kashe kansa yana da shekara 25. Mutumin da ya yi baitoci dubbai yana la'antar cin amanar jini, ga abin da tsoro ya sa shi ya aikata. Wannan bai rage darajar waƙar a idona ba, sai dai ya sa ina karanta ta da tausayi fiye da da.

Idan waƙar Sitatiyus, shi ma mawaƙin Rumawa, kan birnin Tibis na ƙasar Girka tana hannunka, ka ba wa duk mai zuwa gida ya taho mini da ita, domin ina son in karanta da kaina wurin da aka ɗora gawar 'yan'uwan nan biyu, da suka kashe juna kan sarautar birnin, a wuta ɗaya harshen wutar ya rabu biyu. Kuma kada ka amsa mini a taƙaice kan batun Kaisar. Inna tana gaishe ka, tana kuma tambayar yaushe za ka kawo mata yaran.

Naka har kullum,
abokinka