Takardar Koke Kan Yaranmu Masu Lalurar ADHD: A Buɗe wa Masu Bincike Ƙofar Makarantu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Sakataren Ilimi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyaye da malaman makaranta da muka sa hannu a ƙarshen wannan takarda mun kawo maka kukanmu ne a kan wasu yara da kowa ya san su, amma ba a tsaya an fahimce su ba. Da wuya ka shiga aji ba ka tarar da su ba. Akwai yaron da ba ya iya zama a benci na minti biyar, ya tashi ya zauna, ya taɓa wannan ya zunguri wancan, ya jefo amsa tun malam bai ƙarasa tambaya ba. Akwai kuma yarinyar da take zaune shiru, ido na kan allo hankali na wani wuri, kullum ta ɓatar da fensir, aikin gida ta fara ba ta gama ba. Shi mun ce mai ƙiriniya ne, mai kunnen ƙashi. Ita mun ce daƙiƙiya ce, ko malalaciya. Da bakinmu muka faɗa, mu iyaye da malamai, kuma ba ma ɗora wa kowa wannan laifi.

Wata uwa daga cikinmu ta ba mu labarin ranar da ɗanta ya dawo daga makaranta bayan an sake horar da shi. Ya ce mata: "Mama, wallahi ina so in zauna, jikina ne ya ƙi." Ta ce shekara uku tana yi masa faɗa, sai ranar ta fara tunanin ko gaskiya yaron yake faɗa.

Gaskiya yake faɗa, ranka ya daɗe. Likitoci suna kiran wannan lalura ADHD, wato ƙarancin tattara hankali tare da yawan motsi da aikata abu kafin a yi tunani. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin yara masu cikakken hankali da ba sa iya riƙe kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin kundinta na cututtuka. Wani babban nazari da aka wallafa a 2007, wanda ya tattara bincike daga nahiyoyi daban-daban, ya gano cewa kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da ita. A ajin yara 40 ke nan, biyu. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma, sama da kashi 70 cikin 100, sannan haihuwar bakwaini da gubar dalma suna ƙara haɗarin. Ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba, kuma duka ba ya cire ta. Abin da duka yake koya wa yaron shi ne cewa shi mugu ne, kuma makaranta ba wurinsa ba ce. Daga nan sai fashin aji, sai barin karatu gaba ɗaya, wani ma ya faɗa hannun abokan banza.

Abin da muke roƙo shi ne hukumarka ta gayyaci masana halayyar ɗan Adam daga jami'a, ta ba su izini a rubuce su shiga wasu zaɓaɓɓun makarantu su yi bincike na tsawon shekarar karatu guda, tare da malamai, ba a bayan idonsu ba.

Za a ce me ya sa makaranta, ba asibiti ba? Domin a aji ne lalurar take bayyana. Yaro yakan natsu na minti goma a gaban likita don tsoro ko baƙunta, amma malamin da yake tare da shi daga safe zuwa tashi ya san abin da yake gani. Ƙa'idar masana ma ta ce ba a yanke hukunci sai alamun sun ɗauki aƙalla wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganin su a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Ba za a san haka ba sai an ji ta bakin malami da iyaye. Kayan aikin kuma ba masu tsada ba ne. Akwai takardar tambayoyi 25 da Robert Goodman ya tsara a 1997, wadda malami zai cike cikin ɗan lokaci, aka kuma fassara ta zuwa harsuna masu yawa.

Muna so mu daɗe kaɗan a kan wani batu, domin shi ne ya fi damun mu. Ba duk yaro mai rawar kai ne ke da ADHD ba. Wani ba ya ji sosai ne, wani ba ya ganin allo, wani bai samu barci ba, wani yunwa ce ko ƙarancin jini, wani kuma tashin hankalin gida ne ya biyo shi aji. Akwai ma irin farfaɗiyar da yaro zai ɗauke na daƙiƙoƙi kaɗan kamar mai tunani. Nazarin da aka yi a Kanada da Amurka ya nuna yaran da suka fi ƙanƙantar shekaru a aji sun fi samun wannan laƙabi, alhali wasunsu yarinta ce kawai. Idan aka bar kowa ya yi hasashe, za mu sauya wa yara sunan "mai taurin kai" da sunan "mai ADHD", ba tare da an amfane su da komai ba. Bincike na ƙwarai shi ne zai raba tsaki da tsakuwa. Shi ne kuma zai gano 'yan matan da ake tsallakewa, domin su ba sa tada aji, shiru suke nutsewa.

Ba ƙidayar yara kawai muke so ba. Muna so a gwada abin da ke aiki. Akwai dabarun da aka daɗe ana jarrabawa: zaunar da yaro kusa da malami, gutsuttsura aiki ƙanana-ƙanana, ba shi uzurin motsawa ta hanyar aika shi goge allo ko raba littattafai, da yaba masa nan take idan ya yi daidai. Akwai katin rahoton kullum, inda malami zai rubuta buri biyu ko uku, ya sa alama, yaro ya kai gida a yaba masa. Akwai wasan kyautata hali da aka fara a jihar Kansas ta Amurka a 1969, inda ake raba aji ƙungiya-ƙungiya suna gasar bin doka. Sai dai yawancin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a ajujuwa marasa cunkoso. Malamin da ke fama da yara masu yawa shi kaɗai yana da haƙƙin sanin wacce dabara ce za ta yiwu a hannunsa, kuma ba za a sani ba sai an gwada a ajinsa.

Muna da sharuɗɗa, kuma ba za mu sassauta a kansu ba. Kada a sa yaro cikin bincike sai da yardar iyayensa bayan an yi musu bayani da harshen da suke ji, shi ma yaron a tambaye shi. Kada sunan ɗa ko 'yar wani ya fita, kada a ware su a gaban 'yan aji. Malami ba likita ba ne, aikinsa ya lura ya faɗa. Maganar magani kuwa ta likita ce da iyaye. Mun san yana taimakon yara da yawa, babban gwajin da aka yi a Amurka da Kanada da yara 579, wanda sakamakonsa ya fito a 1999, ya tabbatar da haka, amma ba a cikin aji za a yanke wannan shawara ba. Duk yaron da aka ga yana buƙatar dubawa, a haɗa iyayensa da asibiti, kada a buɗe musu ido a bar su a tsakiyar hanya. Sannan masu binciken su dawo su faɗa mana abin da suka gano, su horar da malamanmu kafin su tafi. Ba ma son a kwashi bayanan 'ya'yanmu a je a samu digiri, mu a bar mu inda muke.

A halin yanzu, tun kafin binciken ya kankama, muna roƙon Sakataren Ilimi ya umarci shugabannin makarantu da kada su kori yaro saboda rashin natsuwa sai an zauna da iyayensa an duba ji da ganinsa.

Ranka ya daɗe, muna neman ka ba wakilanmu lokaci su gana da kai kafin ƙarshen wannan zangon karatu, domin a fara aikin da sabuwar shekarar karatu. A shirye muke mu zaga gida-gida mu yi wa sauran iyaye bayani da kanmu.

Allah ya taya ka riƙo.

Mu ne naka,
Iyaye da malaman da suka sa hannu.